Kafin a aza harsashi, wa zai kwana a likitar?

Inna, ina gaisuwa da fatan kina lafiya. Ni malamin makaranta ne a nan Tawa, asalina wani ƙauye cikin duwatsun Adar, wajen Keita. Shekara biyu ke nan ƙanwarmu ta rasu bisa amalanke. Jini ya ɓalle mata bayan haihuwa, ba a kai ga likita ba. Tsakaninmu da likitar gwamnati mafi kusa, wadda ake ce wa CSI, kilomita 17 ne, ga gulbin da ba ya ƙetaruwa in ruwa ya sauko. Bayan rasuwar, yayana da ke Abijan ya tara 'yan garinmu da ke biɗa, suka yi karo-karo har aka samu sefa miliyan 8 don a gina likita. Ta hanyar wani ɗan garinmu da ke Beljiyam kuma, wata ƙungiyar tsofaffin ma'aikatan jinya ta yi alkawarin yuro 10,000, da kwalayen magani, da mutum huɗu da za su zo su yi mako biyu suna taya aiki. Kuɗin Abijan suna cikin asusuna. Yaya ya ce lalle a fara gini kafin damina, a sa wa likitar sunan marigayiya. Kawunmu magini ne, yana jiran a ba shi aikin. Amma da na je wurin manjon CSI ɗin, wato shugaban ma'aikatan wurin, ya ja ni gefe ya ce ko an gama ginin ba shi da tabbacin za a turo ma'aikaci, don garinmu ba ya cikin tsarin gunduma. Wata uku ke nan ban faɗa wa kowa ba. In na faɗa wa Turawan ina tsoron su janye. In na faɗa wa yaya zai ce ni ke kawo cikas, ga shi har an fara raɗe-raɗin wai na taɓa kuɗin. Ba na barci. In yi shiru a yi ginin, in ya so daga baya Allah ya kawo ma'aikaci?

Ɗana, Allah ya jiƙan ƙanwarka, ya sa haihuwar da ta tafi a kanta ta zame mata shahada. Ba ka gaya mini ko jaririn ya rayu ba. In yana nan, Allah ya raya shi, ka shafa mini kansa.

Kada ka yi shiru, kuma kada ka bari a haƙa harsashi yanzu. Ina jin kai ma ka san haka, don mutum ba ya wata uku ba barci a kan abin da zuciyarsa ta natsu da shi.

Na yi sama da shekara 30 ina karɓar haihuwa a likitocin gwamnati, mafi yawa cikin jihar Tawa, kafin in ajiye aiki in dawo Yamai wurin 'ya'yana. Akwai wani gari da muka taɓa zuwa rigakafi, ba zan faɗi sunansa ba. Da muka sauka, mai gari ya ce bari ya nuna mana likitarsu. Aka yi ta cigiyar mai makulli, ashe ya tafi gona. Da aka buɗe ƙofar, warin kashin jemage ne ya fara tarbar mu. Gadon haihuwa na nan sabo fil, ko ledar da aka naɗe shi da ita ba a cire ba, ƙura ta yi masa lulluɓi. Awaki sun mai da barandar makwancinsu. A jikin bango ga allo ɗauke da sunan waɗanda suka ba da kuɗin da shekarar da aka yi bikin buɗewa. Shekara huɗu ba a yi wa kowa ko allura ɗaya a ɗakin ba. Ranar nan aka kawo mini wata mai ciki, ƙafafunta da fuskarta sun kumbura suntum, na auna ta bisa tabarma a zauren mai gari, taku ashirin daga ginin. Waɗanda suka ba da kuɗin nan da zuciya ɗaya suka bayar, kamar yayanka. Abin da ba wanda ya tambaya shi ne wa zai zauna a ciki, kuma wa zai biya shi ƙarshen wata.

Mu a Nijar mun daɗe da sanin wannan. Tun 2001, cikin shirin musamman na shugaba Tandja Mamadu, aka shiga gina ƙananan likitoci a ƙauyuka, waɗanda muke cewa kaz, da kuɗin bashin da aka sassauta wa ƙasa. Sun yi amfani ƙwarai, yara da yawa sun tsira daga masassara da gudawa a hannun ma'aikatansu. Sai dai duk wanda ya yi aikin karkara zai gaya maka amfanin ya tsaya ne inda aka samu ma'aikaci mai zama da magani a kan kanta. Gini sau ɗaya ake biyan kuɗinsa. Albashi da magani da man babur da sauyin batir kuwa, kowane wata suna bakin ƙofa.

Bari in kama maka bakin zaren, don in ka shiga ofis ka san da wa kake magana. Likita a ƙasar nan hawa-hawa ce. Kaz tana ƙarƙashin CSI, CSI tana ƙarƙashin asibitin gunduma, daga can sai babban asibitin jiha da cibiyar uwa da yaro a Tawa, sannan Yamai. Kowace gundumar lafiya tana da taswirarta, an lissafa garuruwa da yawan jama'a da nisan kowa. Ma'aunin kilomita 5 ne: wanda ke zaune cikin kilomita 5 da likita shi ake ƙirgawa ya samu, kuma har yanzu kusan rabin mutanen ƙasar suna waje da wannan da'ira. Ginin da ba ya cikin taswirar, ko da zinariya aka yi shi, ba a aiko masa alluran rigakafi, ba a ba shi abin gwajin masassara, ba mai zuwa duba aikinsa. Ga kuma batun kyauta. Tun 2006 yaron da bai kai shekara 5 ba da mai awon ciki ba su biyan kuɗi, gwamnati ce ke mayar wa likita daga baya, kuma mayarwar ta sha yin jinkiri har kantar magani ta bushe. Su ne kuma mafi yawan masu zuwa. In likitar da hukuma ta sani tana wannan faman, wadda ba a san da ita ba ina za ta kai takardar bashinta?

Manjon nan ya yi maka alheri, ka koma ka gode masa. Amma ka lura da kalmarsa: cewa ya yi ba shi da tabbaci. Bai ce an hana ba, kuma ba shi ke yanke maganar ba. Mai yankewa yana Keita, babban likitan gunduma. Shi za ka je ka gani cikin makon nan, kuma kada ka je kai kaɗai. Ka tafi da mai gari, da wakilin ma'aikatar magajin gari, da ungozomar garinku, don ita ta san matan da suka tafi a hanya ɗaya bayan ɗaya, da sunan kowacce da daminar da abin ya faru. Ka riƙe takarda guda: mutanen garinku nawa ne, tungaye da ruggage nawa ke kewaye da ku, wata nawa gulbi ke yanke ku a shekara. Kilomita 17 da gulbi hujja ce mai nauyi. Kuma sau da yawa rashin kuɗin gini ne ke hana gunduma buɗe sabon wuri, kai kuwa da kuɗin a hannu za ka shiga. Yuro 10,000 ɗin nan, tunda yuro guda sefa 655.957 ne, sun haura miliyan 6 da rabi. Ka haɗa da na Abijan ka ga ba da roƙo ka je ba.

Ka tambaye shi dalla-dalla. Kaz ce ta dace da yawanku ko CSI? Ina zanen ginin da ma'aikatar lafiya ta yarda da shi? In gwamnati ba ta da ma'aikacin turowa bana, ma'aikatar magajin gari za ta iya ɗaukar ɗan kwantaragi? In ƙungiyarku ta ɗauki albashin shekara biyu ko uku, gunduma za ta rubuta cewa ta karɓi wurin, za ta ba shi rigakafi, za ta duba aikinsa? Duk abin da ya amsa, a sa shi a takarda da hatimi. Likitocin gunduma ana sauya musu wurin aiki, takarda ce ke zama.

In an amince, ka sa ɗakin kwanan ma'aikaci cikin lissafi tun farko, da ruwa, da wutar sola. Yarinyar da ta gama makaranta a birni aka turo ta garin da ba ta san kowa ba, in ba ta da ɗaki mai ƙofa da makewayi, wata uku ba za ta yi ba ta nemi sauyi, kuma ban ga laifinta ba. Ni na karɓi haihuwa da tocila a baki, hannu biyu cikin jini, yawu na zubo mini bisa riga. Kada ka gina wa wata irin wannan dare.

Yanzu in zo ga abin da ya ɗauke ƙanwarka, don daga nan ya kamata a auna kowane dala. Zubar jini bayan haihuwa na iya kashe mace lafiyayya cikin awa biyu. Abin da ke tsayar da shi ba mai tsada ba ne. Akwai allurar oksitosin, wadda ke son sanyin firji tsakanin digiri 2 zuwa 8, shi ya sa na dage kan sola. Akwai ƙwayar misoprostol, ita ba ruwanta da firji. Akwai robar da ake zurawa cikin mahaifa a cika ta da ruwa ta danne jinin, da rigar da ake matse jikin mace da ita kafin a kai ta babban asibiti. Tun wajen 2014 Nijar ta baza waɗannan a likitocinta, kuma mutuwar mata ta wannan hanya ta ragu ƙwarai. Duk cikinsu ba wanda ke aiki sai da hannun da ya iya, a kusa da macen, a daidai lokacin. Don haka ko likitan gunduma ya ce muku a'a, ku dakata, kuɗinku ba su rasa aiki ba. Ana iya gina ɗaki biyu ko uku jikin CSI ɗin da ke akwai, inda macen da watanta ya kama za ta sauka da mai jinyarta tun kafin naƙuda, musamman da damina. Wannan shi ne maganin gulbi, don motar asibiti ma in ta iske shi cike tsayawa take yi. Ana iya sayen babur mai taya uku na ɗaukar marar lafiya da rani, a kafa masa asusun mai. A wasu gundumomi na ga ana ƙara dala ashirin kan kuɗin ganin likita don asusun kai marar lafiya gaba, kuma ya ceci mutane. Abin da na fi so duka: ku zaɓi yarinya 'yar garinku mai takardar da ta isa, ku biya mata makarantar aikin lafiya a Yamai ko Damagaram ko Tawa. Ita in ta dawo, gida ta dawo.

Turawan kuwa, ka rubuta musu gaskiya yau. Ma'aikatan jinya ne, sun tsufa cikin asibiti, sun fi kowa sanin ɗaki ba ya warkar da mutum. Wanda zai janye don ka ce a jira takardar hukuma, da ma hoto yake nema, gara ya janye tun kafin a sayi siminti. Ina kyautata zaton ba za su janye ba. Abin da ke sa mai bayarwa ya juya baya har abada shi ne ya gano an san matsala aka ɓoye masa, kuma ramin ƙarya ƙurarre ne: wata rana wani zai aika musu hoton ƙofa da kwaɗo.

Cikin takardar ka roƙe su, da ladabi, su bar kwalayen maganin nan. Na taɓa buɗe irinsu. Rubutun jiki da harshen da ba mai karantawa a cikinmu, rabi saura wata biyu su lalace, wasu na cututtukan tsofaffin Turai ne da ba mu da abin auna su, ga wanda aka ɓalli rabin katin aka bar rabi. Kwana biyu muka yi muna tsincewa, ƙarshe mafi yawa wuta muka sa musu. Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da ƙa'idar kyautar magani tun 1996: ya zama mai karɓa ne ya nema, ya zama saura aƙalla shekara guda kafin ya lalace ranar da ya iso, rubutunsa da harshen da ma'aikaci ke ji, kuma ban da wanda marar lafiya ya mayar. Su aiko da kuɗin, gunduma ta sayi abin da ake buƙata ta hanyar ONPPC, ofishin maganin gwamnati. Ya fi sauƙi, kuma ba ka da rigimar duwan.

Zuwan mutum huɗun nan ma sai an yi masa dogon tunani, kuma nauyin faɗa a wuyanka yake, don kai ka san ƙasar. A Oktoban 2016 aka sace wani Ba'amurke ma'aikacin agaji a Abalak, maƙwabtanku, sai Maris 2023 ya kuɓuta. Ranar 9 ga Agusta 2020 aka kashe mutum 8 a Kure, kusa da Yamai, Faransawa 6 ma'aikatan agaji da 'yan Nijar 2. Yau Bature ba ya fita karkara sai da izini da rakiyar soja. In wani abu ya same su a garinku, har abada ba za ka yafe wa kanka ba. Sannan ka lissafa kuɗin jirgin mutum huɗu zuwa da komawa, za ka ga ya riƙe ma'aikaci shekara guda cur. Hannun ɗaukar dutse kuwa ba a rasa shi a Adar ba. Aikin raya karkara na Keita da Italiya ta ɗauki nauyi tun 1984, uwayenka mata ne suka ɗauki mafi yawan duwatsunsa a ka. Ban ce baƙo ba shi da amfani ba. Asibitin mishan na Galmi yana nan tun 1950, har daga Najeriya ake zuwa, kuma da taimakon waje da likitocin sa-kai yake tafiya. Abin da ya riƙe shi, baƙin suna zama shekaru har su ji Hausa, kuma 'yan ƙasa ne ke yin mafi yawan aikin. Mutanenka na Beljiyam, taimakonsu mafi girma su tsaya can su yi alkawarin abu kaɗan kowace shekara har shekara biyar. Ya fi babban abu sau ɗaya.

Kuɗin nan kuma su fita daga asusunka. Ban zarge ka ba, ɗana, amma miliyan 8 na jama'a a sunan malamin makaranta guda, ko waliyyi ne sai an yi da shi. Ƙungiyar 'yan garinku ta nemi takardar amincewar hukuma, ta buɗe asusu da sunanta, kada a fid da ko dala sai da hannun mutum uku, ɗaya daga ciki mace. Wannan ya zama dole ma kafin kuɗin Turai su shigo, don a 'yan shekarun nan hukuma na sa ido sosai kan ƙungiyoyi da kuɗin waje. Kafin nan, ka je banki ka karɓo takardar da ke nuna abin da ya shiga da abin da ke ciki, ka ɗauki hotonta ka sa a dandalinku na WhatsApp, ka bi ta da saƙon murya ka karanta ta da Hausa layi-layi, saboda waɗanda ba su yi lakwal ba. Mutanen nan a rana suka tara kuɗin, suna yawo da kaya a ka cikin unguwar Ajame ta Abijan. Mai raɗe-raɗi ba lalle mugu ba ne, wata uku ya yi bai ji komai daga bakinka ba.

Filin ma a rubuta shi. Ko mai gari ne ya ba da shi kyauta a gaban kowa, a je wurin kwamitin filaye na gari, Cofob, wanda dokar karkara ta 1993 ta share wa hanya, a yi takardar kyauta da shaidu, don jikoki ba su san alkawarin baka ba. Kawu kuma ka gaya masa da girmamawa cewa ginin likita da zanen hukuma ake yin sa, kuma mutum uku za su kawo farashi kwamiti ya zaɓa. Ya kawo nasa. In bai samu babban aikin ba, ga katanga, ga ɗakin ma'aikaci, ga buga bulo.

Saura yayanka, kuma shi ne mai wuyar. Kada ka ɗauki gaggawarsa taurin kai. Yana Abijan ƙanwarsa ta cika bisa amalanke, a waya aka gaya masa, mai yiwuwa ko jana'iza bai samu ba. Ginin nan shi ne abin da ya rage masa ya yi mata, shi ya sa kowace rana ta jinkiri take masa kamar ya sake barin ta a hanya. Don haka kada ya ji maganar a dandali cikin mutane, kuma kada ya ji ta a bakin wani. Ka kira shi da dare bayan isha'i, lokacin da ya natsu. Ka fara da ba shi haƙuri kan wata ukun da ka yi shiru, don a nan kana da laifi, ka amsa shi. Sannan ka ce: "Yaya, ina tsoron mu rubuta sunanta a kan ƙofar da za a rufe da kwaɗo, wata ta sake mutuwa a gabanta. Ka ba ni zuwa bayan damina in samo takardar likitan gunduma. In ka yarda, ranar da zan shiga wurinsa zan kira ka, ka ji da kunnenka." Zai iya yin faɗa, ya ma kashe wayar. Ka ƙyale shi ya huce, ka sake kira washegari. In akwai dattijon da yake jin nauyi a cikin 'yan biɗa, ka sa shi a tsakani. Sunan marigayiya ba inda zai tafi: in likita aka samu a sa mata, in ɗakin jiran haihuwa ne a sa masa, matan da za su kwana a ciki su yi mata addu'a.

In ka dawo daga Keita ka rubuto mini abin da likitan ya ce, kalma da kalma, mu duba tare. Ka kuma gaya mini labarin jaririn.